Warin Jima Ne, Ya'u

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Yuli, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Ya'u, majemi, a gidansa da ke Panshekara, bayan ciwon ƙirji na wata huɗu. Ni Inuwa, shekara ashirin da biyu muka yi tare da shi a wani kamfanin jima a Challawa, kuma ina cikin mutum ukun da suka yi masa wanka. Na so in rubuta wannan ta'aziyya da sanyin zuciya, amma abin da na ji a zaman makoki ya hana ni.

Ya'u, kai ka karɓe ni ranar da na fara aiki. Ina shiga sashen da ake jiƙa fatu na yi amai a gaban kowa. Ba ka yi dariya ba, ka ɓare goro ka ba ni, ka ce in riƙe a baki. Ka ce, “Sati biyu ne, ɗan'uwa, hancinka zai saba. Na mutanen gari ne ba ya sabawa.” A lokacin ban gane abin da kake nufi ba.

Ban manta da shekarar da sinadari ya cinye wa Obadiya hannu ba, abokin aikinmu mutumin Kagoro. Wata guda kana tsayawa a injinsa bayan ka gama naka, don kada a ba wani gurbinsa. Kowace babbar salla kuwa, kai kake bi gida gida kana karɓar fatun layya, ka jeme su da bagaruwa a bayan gidanka, ka mayar wa masu su buzu mai laushi, ko sisi ba ka karɓa. Rabin buzayen masallacin unguwarmu aikin hannunka ne.

To ga abin da ya faru. Mun yi maka wanka da magarya da kafur, muka sake, muka fesa turare a likkafani, amma warin jiman nan bai fita ba. Ina zai fita? Fiye da shekara ashirin da biyu yana shiga fatarka da farcenka. Mu da muka wanke ka ko a jikinmu, domin mu ma shi muke yi. Da aka ɗauko makara, sai na ga Malam Bala mai shagon bakin titi ya toshe hanci da hannun riga, yana ƙyafta wa na kusa da shi ido. Kafin sadakar uku magana ta zagaye unguwa: wai gawarka ta yi wari tun kafin a binne, wai alamar mugun ƙarshe ce, wai Allah kaɗai Ya san abin da ake yi maka a kabari. Ana faɗa ana jan carbi, ana cin ƙosan sadakarka.

Tir da wannan hali! Wallahi na sa hannuna cikin ruɓaɓɓun fatu har gwiwar hannu, ban taɓa jin ƙyama irin ta ranar nan ba. Mutum ya tsinci rabin karatu a wa'azi, ya ji an ce ran mumini yana fita da ƙamshin almiski, na fajiri da ɗoyi, shi ke nan ya mai da hancinsa ma'aunin lahira. Na je na tambayi limaminmu don kada in faɗi son raina. Ya ce ƙamshin nan da ake faɗa na rai ne, mala'iku ke jin sa, ba 'yan rakiyar gawa ba. Ya ce barzahu shamaki ne, abin da ke bayansa, tambayar Munkar da Nakir, da yalwar kabari ko ƙuncinsa, babu mai leƙawa ya ba da labari. Abin da aka umarce mu shi ne mu tsaya a bakin kabari mu roƙa wa mamaci tabbata. Shi Bala ko tsayuwar bai yi ba, ya yi sauri ya koma buɗe shago.

An ce mamaci yana jin takun takalman masu juyawa su bar shi. Tun da na tuna wannan nake jin kunyarka, Ya'u, domin ban san me kuma ka ji ba.

Da a bakin maza ta tsaya, da na haƙura. Sai da ta shiga har ɗakin takaba. Matarka Zuwaira ta kwana biyu ba ta ci abinci ba, sannan ta aika a kira ni. Daga bayan labule ta ce, “Malam Inuwa, ku kuka wanke shi. Ku gaya mini tsakani da Allah, azaba ake yi masa?”

Na ce, “Zuwaira, ban san gaibu ba. Amma ina wurin ya yi kalmar shahada, kuma warin da na ji shi ne wanda kika sani.”

Sai ta ce, “Shekara ashirin ina wanke rigar aikinsa. Da warin nan muka ci, da shi yara suka yi makaranta. Jiya har na fitar da rigar zan ƙona.” Na roƙe ta kada ta ƙona. Ta ce ta fasa, ta kuma ce a kawo mata kunu.

Kai kuwa Malam Bala, na san za a karanta maka wannan. Buzun da kake ɗora goshinka a kai sau biyar a yini, hannun nan mai wari ne ya jeme shi. In ya dame ka, ka dawo wa marayu da shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Zuwaira da 'ya'yanta biyar, da 'yan'uwansa na Ringim, da dukan majeman Challawa. Allah Ya ba ku haƙuri. Ya Allah, Ka ji ƙan Ya'u, Ka gafarta masa, Ka tabbatar da harshensa a wurin tambaya, Ka yalwata masa makwanci. Ka buɗe masa ƙofa zuwa Aljanna, ƙamshinta ya riƙa iso masa har ranar tashi, domin a duniya bai shaƙi mai daɗi ba. Amin.