Katin Awon Matar Yayana

A Fatakwal aka haife ni, shi ya sa duk matar da aka kawo unguwarmu daga Arewa, ni ce bakinta a asibiti. Har taƙama nake yi cewa ba na ƙari ba na ragi, abin da mace ta faɗa shi nake miƙa wa nas da Turancin buroka.

Matar yayana ta biyo shi ne daga ƙauyensu bayan ya samu gindin zama a mayankar Trans-Amadi. Kunyarta ta yi yawa. Nakan tsokane ta cewa ko kaza ce ta kalle ta sai ta ja mayafi. Da cikinta ya kai wata biyar na raka ta awo.

Nas ta ɗauko kati tana cikewa. Shekarun uwa, shekarun uba, sana'arsa, ko akwai hawan jini a dangi. Ta ce a wannan katin likita ke gane cikin da za a sa wa ido. Sai ta tambaya, "How many belle you don carry before?"

Na juya wa matar yayana tambayar da Hausa: ciki nawa ta taɓa ɗauka kafin wannan? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Biyu."

Na san huɗu ne. Mahaifiyarmu ta taɓa ba ni labari: bayan 'yan mazanta biyu da ke raye, matar yayana ta haifi wasu biyu a ƙauye, kowanne ya yi ciwon shawara, ido ya yi rawaya, ya koma kafin suna. A wajensu jaririn da bai kai suna ba, ba a lissafa shi a gaban baƙo. An mayar wa Mai shi, magana ta ƙare. Na dubi yadda take murza bakin mayafi, na ji ba zan iya tona mata ciwo a gaban layin mata ba. Na ce wa nas biyu, ta rubuta, muka hau keke-napep muka dawo gida.

Da watanni suka cika matar yayana ta haifi mace, lafiya lau, washegari aka sallame mu. Yayana da bai iya ɓoye murna ba ya zaɓo rago tun daga mayanka ya ɗaure a tsakar gida.

Kwana uku idon jaririyar ya soma yin rawaya. Matan gida suka ce a shanya ta a hantsi, muka shanya. Kwana huɗu ta ƙi kama nono. Muka koma asibiti a guje.

Likita ya buɗe idonta, ya duba katin, ya tambaya ko an taɓa samun haka a 'ya'yan baya. Wannan karon ban jira uwar ba, na faɗa masa komai. Ya ajiye biro ya dube ni. Bai ɗaga murya ba, kuma na fi so a ce ya zage ni. Da Turanci ya ce da waɗancan biyun suna cikin katin, da ba a sallame ta ba, da tun ranar farko ake auna jinin jaririyar. Matar yayana tana gefe tana kallon bakinsa, ba ta ji ko kalma ɗaya ba.

Sun yi iya ƙoƙarinsu. Washegari bayan la'asar jaririyar ta koma.

Na ji haushin al'adar, na ji haushin uwar, amma haushin kaina ya fi. Ita kunya ta hana ta, ni kuwa na san amfanin katin sarai.

Ranar da ya kamata a yi suna na shiga ɗakinta da kunu. Tana zaune ta ɗaure ƙirji da zane saboda nono na zuba. Ta karɓi kofin ta riƙe ba ta sha ba.

"Ƙanwata," ta ce, "ran nan da likita ya ajiye biro, me ya ce miki?"

Ta tsare ni da ido, ita da ba ta iya kallon mutum.

Na ce, "Anti, cewa ya yi ko me aka yi ba za ta tsaya ba, kwananta ke nan."

Ta sauke numfashi ta ce, "Alhamdulillahi. Na ɗauka ni ce."

Ta kai kofin baki. Na zauna har ta shanye, sannan na fita bayan ɗaki na yi kukana.