Akwatin Gwaggo a shingen Mirriya

Shekarun baya, a hanyar Mirriya, na ga hannun jandarma ya tsaya cak cikin jakata. Bai zaro shi ba, bai ƙara turawa ba. Ya dube ni, ya dubi hijabina, ya ce a hankali, "Kowa ya sauka. Ke, kada ki motsa."

Abin da ya taɓa ɗan akwatin haɗa sauti ne, irin wanda masu rediyo ke ajewa a tebur su ɗaga muryar wannan, su rage ta wancan. Gwaggona ke gabatar da shirin mata a wani ƙaramin gidan rediyo a Mirriya, kuma ba ta gani. Na'urar gidan faɗinta kamar tabarma, maɓallai birjik, kullum sai wani ya murɗa mata. Shi ne yayana, mai gyaran rediyo a unguwar Kara-Kara, ya ce zai haɗa mata nata, ni in zana.

Na sha yankan kwali kuwa. Na aza hannuwan Gwaggo a kai na zagaye su da biro, faɗin bai wuce taƙinta biyu ba. Yayana ya ce, "Wannan ai gwangwanin sardin ne! Ina zan cusa wayoyin?" Na ce ya matse su. Maɓallai huɗu na bari, kowane da yadda hannu zai gane shi. Na mikron magana murfin kwalba ne mai haƙora, na kiɗa santsi gare shi, na masu kira muka naɗa masa zare, na kashewa kuma can gefe shi kaɗai, kada hannunta ya buge shi tana tsakiyar magana. Har fankama nake yi, wai yana shiga jaka. Ni gwanar zane, ban taɓa tunanin yadda za a kalli akwati mai batir da wayoyi a jakar budurwa ba, a shinge, a wannan zamani.

Fasinjoji suka watse suna salati. Aka sa na aje jakar a fili, na ja baya na durƙusa, hannuwa sama, bakin bindiga a kaina. Faransancin da na koya a makarantar lekol duk ya gudu.

Shugabansu, wani mai furfura, ya tsaya daga nesa. "'Yata, mene ne a ciki?"

"Na Gwaggo ne, Baba. Na rediyo."

"To faɗa mini abin da zan gani kafin in leƙa. In kika kuskure ko ɗaya…" Bai ƙarasa ba.

Na rufe ido na bi akwatin daga hagu, yadda Gwaggo ke binsa. Murfin kwalba, mai santsi, mai zare, ɗan gefe. Na faɗi dalilin kowane. Ya ɗaga bakin jakar da sanda.

"Zaren wane launi?"

"Ja ne, Baba. Amma Gwaggo ba ta sani ba, ta ce ba ta son ja."

Wani daga cikinsu ya yi dariya ya haɗiye. Duk da haka ba a sake ni ba, sai da aka kira yayana ya zo a kan babur, ya kwance akwatin a gabansu, kusoshi na zubewa cikin yashi.

Wallahi ba na jin haushinsu, su ma suna da 'ya'ya da ke jiransu a gida. Amma har yau in mota ta rage gudu a shinge, sai in ƙanƙame jakata.

La'asar ta yi sakaliya lokacin da dattijon ya miƙo mini jakar da kansa. "Tashi, 'yata, babu komai. Ki gaida Gwaggo."

Na yunƙura, ƙafafuna suka ƙi. Sai ya aje hularsa, ya tsuguna kusa da ni cikin yashi. "To, zauna," ya ce. "Mu jira ƙafafun naki tare."