Kuncin Baba a Fuskar Minista

Yayana a fuskar Baba ya koyi zane. Tun muna makarantar lakwal, da an taso sai ya zauna a bakin rumfar goron Baba a Zango, ya ɗora takarda a cinya yana ta zana shi: hular da ke karkacewa, girar hagu a sama, da kuncin nan da kullum yake kumbure da ɓarin goro. Baba yakan leƙa ya ce, "Kai dai ba ka da aikin yi," amma bai taɓa korarsa ba.

Da ya girma ya tafi Yamai, ya samu aiki a wata jarida ta masu yi wa manya ba'a. Muka yi ta taƙama da shi, ni har da ƙarin gishiri. Sai aka ba shi wani minista da ake zargi da cinye hatsin agaji. Ya zana shi da tumbi, buhun gero na leƙowa daga bakinsa. Tumbin da tabarau na ministan ne. Amma kuncin, da girar, da karkacewar hular, duk wanda ya taɓa sayen goro a Zango ya san mai su.

Zanen ya iso Damagaram ta waya tun kafin jaridar. 'Yan kabu-kabu ne suka fara. In sun zo wucewa sai su rage gudu, su ɗaga hannu: "Ranka ya daɗe, Minista, ina namu geron?" Ba don mugunta ba ne, har Kanawan da ke kawo masa kaya sun ɗauka. Baba bai yi faɗa da kowa ba. Ya daidaita hularsa, ya daina cin goro. Mutumin da ke sayar da goro tun kafin a haife ni, ya koma zama da baki a bushe, yana yayyafa wa kayansa ruwa. In Yaya ya kira, sai ya miƙa wa Inna wayar.

Yaya ya rantse mini ba da gangan ya yi ba, na kuma yarda. Ya ce, "Ke, hannun ne. Ko wa na ɗauko, depiten majalisa ne, sarki ne, janar ne, da na zo kunci sai ya tafi can." Ya gwada canzawa, masu jaridar suka ce sababbin ba sa ba da dariya, ya koma wa na da. Abin da yake nema wajen Baba kalma ɗaya ce, ko da zagi ne, bai samu ba.

Baba ya rasu da damina. Yaya ya iso bayan an kai shi. Ni ban yi kuka ba. Na yi girki, na wanke kwanoni, na amsa gaisuwa, ina jin muryata kamar ta maƙwabciya a bayan katanga. Har yau ba zan ce na ji wani abu a kwanakin nan ba.

Bayan sadakar bakwai, Inna ta fito da katin shaidar Baba. Gumin aljihu ya cinye hoton, kuma ba mu da wani. Ta ce wa Yaya, "Kai da ka iya, zana mini shi. Yadda yake, ban da wasa."

Ya zauna a zaure tun hantsi. Ya yaga takarda, ya sake yaga wata. Abincin da na kai masa, yadda na ajiye haka na ɗauke. Da la'asar ya shigo da guda ɗaya. Babu tumbi, babu buhu, hular a daidai, ya yi iya ƙoƙarinsa. Na karɓa ina neman ubana a ciki, amma abin da ya fara zuwa bakina shi ne sunan da 'yan kabu-kabu suke kira. Na haɗiye, na ba Inna.

Ta daɗe tana riƙe da takardar, ta matso da ita kusa da ido, ta nesanta. Sannan ta miƙa masa.

"Wannan ai mutumin nan ne na gero," ta ce. "Ni Babanku na ce ka zana mini."