Wuƙar Babana Da Aka Wanke

Har a kai ni kabari ba zan manta da ranar da aka yi wa wuƙar babana kwalliya ba. Kwalliya dai nake ce mata, don in na kira ta da sunanta na gaskiya zagi zai fito.

Babana maharbi ne, a dajin nan namu babu wanda bai san shi ba. Da ya rasu aka zo rabon gado, maza suka rufa wa gona da awaki. Ni kuwa na ce a ba ni wuƙar. Baƙa ce ƙirin, kubenta na fatar gwanki duk ya ƙeƙashe, kusa da ƙota akwai zane uku kamar sawun zabuwa. Babana ya sha gaya mini cewa daga kakansa ta fito, kuma ba da ƙarfen mota aka ƙera ta ba, da tama ce, wadda maƙeran dauri suke narkawa daga dutse.

Shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu na wajen Kuyello, ko tukunya ban ɗauka ba, wuƙar nan na soke a zani. Muka sauka Birnin Gwari a wani ɗaki da rabin rufinsa babu, ga damina ta ƙarato, ga jikoki. Sai aka ce akwai wani Alhaji da ke zuwa daga Kaduna yana sayen kayan da, kuma ya san su sarai. Zuciyata ba ta so ba, amma na ce a kira shi. In babana ya rufa wa tattaɓa-kunnensa ɗaki daga kabari, ai ba abin kunya ba ne.

Ana gobe zai zo na tafi barkar haihuwa. Ɗana na fari, wanda ko sunansa ba na kira, ya ɗauki wuƙar ya kai wa mai injin wasa wuƙa a kasuwa, ya biya ta wajen baduku aka ɗinka mata jan kube mai tuntu. Tsohon kuben kuma ya jefa a bola. Ya tare ni yana washe baki.

"Inna, dubi! Wa zai sayi abu da datti haka? Yanzu ko fuskarki kya gani a ciki."

Na gani kuwa. Fuskar tsohuwar da aka gama da ita.

Da Alhajin ya zo, ya zare ta, ya juya, ya ƙwanƙwasa da farce ya kai kunne. Sai ya dube ni.

"Iya, wa ya yi wannan aikin?"

Na shiga zayyana masa baƙinta, da sawun guduma, da zanen nan uku. Ya ɗago da sauri.

"Kamar sawun zabuwa? Na taɓa riƙe irinta sau ɗaya. Tambarin wasu tsofaffin maƙera ne na yankin nan, tun kafin zuwan Turawa. Da tana nan yadda take, da kin rufa ɗakinki har da canji. Iya, ban ƙaryata ki ba. Amma shekarun wuƙa a jikinta ake karantawa, kuma an goge su. In na ce wa wani tama ce, me zan nuna masa?"

Ɗana ya ce, "To Alhaji, kuben fa? Sabo ne fil."

Alhajin ya dube shi kawai, ya sa takalmansa.

Na bi bolar nan da sanda ina tonawa ko zan ga tsohon kuben, ni 'yar maharbin da ake yi wa kirari. An riga an ƙone ta. Daminar nan da leda da kwanoni muka tare ruwa.

Wuƙar tana ƙarƙashin katifata har yau, tana ƙyalli kamar ta mahauci. Ban bari an yanka ko kuɓewa da ita ba. Abin da na koya shi ne, kayan gado ba a barinsa kusa da wanda tsufa da datti duk ɗaya ne a idonsa, ko da kai ka haife shi.