Ba'ana, Saura Kwana Huɗu Ka Ƙetare Gada

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Haka na ji 'yan'uwanka suna ta faɗa, ni ma ban sami maganar da ta fi ta ba. Ranar Alhamis, 15 ga Mayu, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran maƙwabcina Ba'ana Modu, mai gyaran firji a Tudun Wada cikin garin Gombe, saura kwana huɗu ya kama sabon aiki. Ni ne Lazarus, tsohon malamin Faransanci. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa.

Ba'ana, shekara goma sha ɗaya ke nan da rikici ya koro ku daga Gamboru, kai da mahaifiyarka Iya Kellu da matarka Rahinatu, daga ku sai kayan jikinku. Makonka biyu a unguwa firjin da matata Hilda take sanyaya zoɓon sayarwa ya mutu. Ka jiyo mitarta ta bayan katanga, ka yi sallama, ka kwance shi ka ɗaura. Da ta tambayi ladanka ka ce kofi ɗaya, kuma kada a yi maka rowar sukari. Kofin nan ka yi ta karɓa har ranar da likita ya ce kana da ciwon sukari, ka koma shan lami kana yamutsa fuska. Matan unguwar nan masu ƙanƙara da kunun aya, kowace tana da irin wannan labarin a kanka.

Duk da haka zuciyarka ba ta taɓa sauka a Gombe ba. Ko kifin Dadin Kowa na kawo maka sai ka juya shi ka ce jikan kifin Chadi ne. Shi ya sa ranar da wani mai ɗakin sanyaya kifi a Fotokol, cikin ƙasar Kamaru, ya ce ya ɗauke ka aiki, ka shigo gidana ko takalmi babu. Za ka riƙa kwana a Gamboru, da safe ka ƙetare gada, da yamma ka dawo. Ba aikin ne ya fi faranta maka ba. Iya ce, wadda kullum addu'arta Allah ya sa a binne ta a garinsu.

Ban taɓa ganin shiri irin naka ba. Ka yi fasfo, ka karɓo katin allurar shawara, ka sayi layin wayar can. Shagonka ka bar wa wani, ka shaida wa mai gida za ku tashi. Sannan ka zo ka ce Faransancina ya yi tsatsa, in kawo ka sa masa mai. An gaya maka daga gidanku zuwa wurin aikin tafiyar kusan awa guda ce, kuma babu tabbacin abin hawa, sai ka ce gara ƙafa ta saba tun yanzu. Kullum in ka idar da sallar asuba sai mu taka zuwa unguwar Arawa mu dawo, ni ina zama jami'in kan iyaka, ina tambayarka sunanka da sana'arka da inda za ka, kai kana amsawa da Faransanci mai ƙanshin Barbarci.

A wannan tafiya na ga kana ɗingishi. Da na matsa maka, ka zauna a bakin kwalbati ka cire takalmi. Ƙusa ce ta soke ka a shago, babban yatsa ya yi baƙi. Na ce mu wuce asibiti yanzu. Ka riƙe hannuna.

"Malam, in na je yanke ƙafar za su yi. Wa zai ɗauki mai ƙafa ɗaya aikin ƙetare gada kullum? Ka rufa min asiri in kai Iya gida tukuna, daga nan su yanke abin da suka ga dama."

Na yi shiru, Ba'ana. Ni da na yi karatu, na san abin da baƙin nan yake nufi. Mako uku ina sayo maka bandeji a ɓoye, muna ci gaba da tafiyar safe, ina gyara maka lafazi. Da zazzaɓi ya kayar da kai muka kai ka asibiti, likita ya ce guba ta riga ta shiga jini. Ya ce da an zo da wuri, ƙafa kaɗai za a rasa.

Ranar Litinin ɗin da za ka fara aiki wayarka ta yi ƙara. Rahinatu ta ji Faransanci, ta miƙo mini. Mai ɗakin sanyaya kifin ne, na gaya masa ka rasu. Ya yi ta'aziyya mai kyau, sannan ya tambaya ko na san wani mai gyaran.

Yanzu babu shago, babu aiki, mai gida ya riga ya yi wa wasu alkawarin ɗakin. Jiya na shiga gaishe da Iya, na tarar ta sa Rahinatu tana kwance buhunan da ka ɗaure da hannunka.

"A bar zancen Gamboru, a nan za a binne ni," in ji ta. Sannan ta juyo gare ni. "Malam, Allah ya saka maka da alheri. Kai ka tsaya masa har ƙarshe."

Na ce amin, na fito. Ban iya haɗa ido da ita ba.

Allah ya jiƙanka, Ba'ana, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya sa ka huta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Iya Kellu da Rahinatu da dukan mutanen Gamboru mazauna Tudun Wada. Allah ya ba ku haƙuri da dangana, ya buɗe muku wata ƙofa, ko da yake ni ban hango ta ba.

Rahinatu, Iya ba ta karatu. Ki karanta mata wannan daga farko har ƙarshe, kada ki tsallake wurin da na yi shiru.