Ranar da Rumbu Ya Farka Gaban Surukina

Shagona na tura waƙoƙi da wa'azi a waya yana bakin kasuwar Ƙaraye, kuma da sola nake aiki. Batirina ya tsufa, in damina ta yi hadari ko la'asar ba ya kaiwa. Shi ya sa na saita faifan ajiyar kwamfutata, wanda nake kira rumbu, ya riƙa barci in ba a taɓa shi ba. Yana rage cin wuta, amma tashinsa sai an yi haƙuri, ni kuwa ban gaji haƙuri ba.

A shekarar da matata ta rasu, nakan kunna wani ɗan bidiyonta in babu ciniki. Tana ɓarar gyaɗa, tana yi min tsiya wai na fi son kwamfuta a kanta.

Wata ranar kasuwa sai ga mahaifinta daga Zoza. Makiyayi ne, ita ce 'yar farinsa, don haka ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba. Ko ranar jana'iza bai yi hawaye a gaban kowa ba. Na durƙusa muka gaisa, ya miƙo wayarsa.

"A sa min wa'azi," in ji shi.

Na taɓa kwamfuta, shiru. "Abin barci yake, Baba," na ce. Na dinga danna maɓalli da zafin hannu, na manta a kan bidiyonta na tsaya ɗazu. Da rumbu ya farka, sai dariyarta ta cika shagon.

Kunya ta kama ni. Ga surukina a tsaye, ga 'yarsa tana kiran sunana da shagwaɓa. Na kai hannu zan kashe.

"Bari," ya ce.

Ya juya baya yana kallon masu awon dawa, ya tsaya har ta gama. Ni dai kaina na ƙasa.

"In abin nan ya yi barci, muryar tana nan?"

"Tana nan, Baba."

Sannan ya turo wayar kusa da hannuna, bai dube ni ba.

"To, wannan wa'azin za ka sa min."