Zanin Hajiya a Kan Tsanin Nok

Ban taɓa mantawa da ranar da na sauko da wata Hajiya daga kan tsanin ƙarfe a duwatsun Nok na arewacin Togo ba. Ku sababbin shiga kuna ganin sashenmu na 'yan rakiya yawon banza ne da cin daɗi, to ku gyara zama.

A ofishinmu na shirya taruka a nan Sokode, cikin Togo, aikin kashi biyu ne. Akwai masu kula da zauren taro, su ne masu kwat da lasifika. Akwai kuma mu, masu kula da waɗanda suka rako mahalarta, yawanci matan aure, wani sa'in uwaye ko 'yan'uwa. Maza na can suna musu kan takardu, mu muna kai iyalinsu ganin gari. Ƙa'idar aikin ita ce, mako biyu kafin taro jagora zai je duba hanya: ya taka duk inda za a taka, ya ga wurin alwala da bayan gida da abinci, ya rubuta rahoto shef, wato shugabanmu, ya sa hannu. A lokacin ina da shekara shida a aiki, ni ce mataimakiyar shugaban sashe, kuma ba yabon kai ba, rahotona ba a mayar da shi gyara.

Taron na masu motocin dakon kaya ne daga Togo da Nijar da Najeriya, na kwana huɗu. Aka ba ni mata goma sha huɗu. Ranar farko na kai su wurin masaƙa da kasuwa. Rana ta biyu muka kama hanyar Dapaong muka kwana can, don da safe mu ga kogunan Nok, inda mutanen Moba na dā suka gina rumbuna a cikin dutse suna ɓuya lokacin hare-hare. Ba a shiga wurin sai an sauka ta wani dogon tsani da aka kafa a jikin dutsen. Na sauka ta kansa ranar duba hanya, na rubuta cewa yana da ƙwari, mai lafiya zai iya. Abin da ban rubuta ba, domin bai ma zo mini a rai ba, shi ne da wando da takalmin gudu na sauka.

Da safe da na ga baƙina sun fito daga otal sai na san akwai aiki. Mu mutanenmu in an ce za a fita, to ado ake nufi. Leshi ne da shadda, sarƙoƙi, takalma masu tsini, kowa kamar mai zuwa suna. Na ce su canza, suka yi mini dariya.

A bakin dutsen goma suka leƙa ƙasa suka ce sun yafe, za su zauna a inuwa. Huɗu suka ce za su sauka, cikinsu har da babbarsu, wadda zan kira Hajiya Habsu, ko da yake ba sunanta ke nan ba. Mutuniyar Maraɗi ce, mai jiki, ta haura hamsin, matar ɗaya daga cikin shugabannin taron.

Na ce, "Hajiya, ko za ki huta a nan? Zan ɗauko miki hoto."

Ta ce, "Ɗiyata, ni da na hau Dutsen Arfa? Gani ya kori ji. Wuce mu tafi."

Na sa suka tuɓe takalma. Jagoran wurin, wani dattijo Bamobe mai suna Lare, ya fara sauka kamar yadda aka saba, don ya tari duk wanda ya zame. Na bi shi da mata uku, muka isa lafiya. Hajiya ce ta ƙarshe. Ta yi rabin tsanin sai ta tsaya cak.

Lare ya ce da Hausarsa ta koyo, "Madam Ramatu, Hajiya ya tsaya fa. Tsoro ya kama shi. Bari in hau in riƙe shi."

Na ɗaga kai na duba da kyau. Ba tsoro ba ne. Gefen zaninta ya maƙale a wani ƙarfe, ɗaurin ya kwance. Hannunta ɗaya na riƙe da tsani, ɗayan ya damƙe zanin a ƙugu. Ga namiji tsaye a ƙarƙashinta yana kallon sama, ga waɗanda ke bisa dutse sun miƙo wayoyi suna ɗauka, ba su san abin da ke faruwa ba.

Na ɗaga murya na ce, "Hajiya, saki zanin ki kama ƙarfe da hannu biyu!"

Ta ce, "Wallahi ba ni saki. Gara in faɗi da suturata."

Kuma na san da gaske take. Na tsorata ƙwarai, amma ban bari ya fito a muryata ba. Na juya na ce wa Lare, "Baba, shiga cikin kogo, kada ka fito sai na kira ka."

Ya ce, "Madam, doka ya ce ni in tsaya nan."

Na ce, "Yau ni ce doka. In wani abu ya faru, a wuyana."

Dattijon ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya gane. Ya shige kogon. Na yi wa na sama tsawa na ce duk wadda ban ga ta jefa wayarta a jaka ba, da ƙafa za ta koma Sokode, kuma su kori direbanmu ya koma mota. Sannan na hau har na iso ƙarƙashin Hajiya. Na sa kafaɗata ta tokare ta, na zare zanin daga ƙarfen, na cire ɗankwalina na zagaya shi a ƙugunta na ƙulle tamau. Kaina a buɗe, kitsona na kwana goma a waje, ban damu ba.

Na ce, "Na ɗaure, Hajiya. Babu namiji ko ɗaya, daga ni sai ke sai Allah."

Sai da ta taɓa ƙullin ta tabbatar, sannan ta kama tsanin da hannu biyu. Na riƙa kama dugaduganta ina ɗora ƙafa a kan mataki, ɗaya bayan ɗaya, tana salati ina cewa sannu ba ta hana zuwa. Da muka taka ƙasa ta zauna, hawaye na zuba. Can ta share fuska ta ce, "To ina rumbunan? Ba don in zauna na sha wannan wahala ba." Ta duba su ɗaya ɗaya, har tana yi wa Lare gardama kan irin hatsin da aka zuba a ciki. Da za mu hau, Lare ya riga mu yin sama, ni na biyo bayanta.

A mota na bi waya goma ɗin nan da kaina, aka goge komai, ba wadda ta yi musu. Washegari a liyafar rufe taro Alhajinta ya tambayi matan yadda yawo ya kasance, a gaban shef ɗinmu Isifu, wanda muke kira Mushe Isifu irin na Faransanci. Mata goma sha huɗu, ƙasa uku, baki ya zo ɗaya: "Lafiya lau, Alhaji." Hajiya ta dube ni ta ci gaba da cin abincinta.

Ni kuwa a rahotona na rubuta kuskurena ba tare da sunan kowa ba. Mushe Isifu ya karanta ya ce, "Wace ce?" Na ce, "Shef, wannan ba ya cikin rahoto." Ya sa hannu. Tun daga nan duk mai zuwa duba hanya a sashenmu da irin kayan da baƙi za su sa yake zuwa, kuma in baƙin mata ne, mace ce ke fara sauka.

Abin da na koya ke nan. Mu kan auna ƙarfin tsani da nisan hanya, mu ɗauka mun gama aiki. Amma mutanen da muke yi wa hidima akwai abin da suke riƙewa fiye da ransu, kuma ba za su faɗa maka ba sai kun kai tsakiyar dutse. Don haka kafin ku tambayi baƙuwa ko tana tsoron tsayi, ku fara duba wanda kuka tsayar a ƙasan tsanin.